Ruwa ya yi yawa, me ya sa harawa ke tsada?

 

Yau ina so mu yi magana bisa abincin bisashe: ciyawa, ko haki kamar yadda wasunmu ke cewa, da harawar wake, da harawar gyaɗa, da kara. Na san wani zai ce a ransa, mu da muke birni ina ruwanmu da haki? To duba unguwarku. Gida nawa ne babu akuya ko tunkiya ɗaure a turke? Uwa nawa ce ke biyan kuɗin makarantar ɗiyanta da kuɗin ɗan akuyar da ta sayar? Nonon da ake dama mana fura da shi, da kilishin da muke kai wa mutane tsaraba, da ragon da mahaifi ke rasa barci a kansa kafin Babbar Salla, duk daga dami suke fitowa. In dami ya yi tsada, mu ma za mu ji a aljihu.

Abin da nake so ku tafi da shi yau abu ɗaya ne. Yawan ruwan damana ba ya ba da tabbacin abincin bisashe. Abin da ke yanke hukunci shi ne ranar da ruwan ya sauka, da halin da ya tarar da ciyawar: tana tsaye da ranta, ko an yanke ta tana kwance a ƙasa, ko an jibge ta a bisa rumfa.

Mu ƴan Nijar tsoron fari muka gada. Iyaye da kakanni sun ba mu labarin 1973 da 1984, wasunmu sun ga 2005 da 2010 da idonsu. Ko a baya-bayan nan, bayan damanar 2021, lissafin hukuma ya nuna giɓin abincin bisashe ya haura tan miliyan 15. Shi ya sa duk shekarar da sama ta buɗe, daji ya yi kore shar, sai mu ɗauki hoto mu sa a Facebook mu ce alhamdu lillahi, bana bisashe sun huta. Godiyar tana bisa hanya. Sai dai hoton watan takwas ba ya gaya maka abin da rago zai ci a watan biyar.

Kuma ruwan kansa ya canza hali. Wani bincike da aka wallafa a mujallar kimiyya ta Nature a 2017 ya nuna cewa manyan hadura masu zuba kamar da bakin ƙwarya a yankin Sahel sun ninka sau uku tun daga 1982. Mun gani. A watan tara na 2020 kogin Isa ya kai santimita 700 a Yamai, ruwa ya shiga Lamorde da Saga. A 2024 ambaliya ta kashe sama da mutum 300, ta shafi sama da mutum miliyan ɗaya, jahar Maraɗi na cikin waɗanda suka fi shan wahala, tsohon masallacin Birni na Damagaram ya rushe, har komawa makaranta sai da aka ɗaga zuwa 28 ga watan goma. A irin wannan shekara rayuka da gidaje da gonaki ake ƙidayawa, kuma haka ya dace. Damin harawar da ya ruɓe a bisa rumfa ba ya shiga rahoto. Sai bayan wata shida ko bakwai kasuwa ke kawo mana lissafinsa.

Bari mu fara daga daji, tun ciyawa na tsaye.

Ƙasarmu yawancinta rairayi ce, ba ta da taki sosai, musamman sinadarin azot, wannan da ke cikin takin ure, wanda tsiro ke gina furotin da shi. A ƙarshen shekarun 1970 masana daga Holan da Mali sun yi dogon bincike a wuraren kiwon ƙasar Mali. Suka gano cewa in ruwa ya ƙaru, ciyawa na ƙara tsawo da yawa, amma azot ɗin ƙasa bai ƙaru ba, sai ya rarrabu cikin kara mai yawa. Kamar kunu ne: garin bai ƙaru ba, ka ƙara ruwa. Ƙwarya ta cika, amma wanda ya sha ba zai daɗe bai ji yunwa ba. Shi ya sa gajeriyar ciyawar arewa, wajen Abalak ko Tanut inda ruwan shekara ke wajen milimita 300 ko ƙasa, ta fi gina jikin dabba bisa doguwar ciyawar Gaya inda ake samun kusan milimita 800. Makiyaya sun san haka tun kafin masana su auna, kuma yana cikin dalilan da ke sa su kora garke arewa da damana.

Ga lissafin a taƙaice. Tumbin saniya ko na tunkiya na buƙatar abinci mai furotin wajen kashi 7 cikin 100 kafin ƙananan halittun da ke narka ciyawa a cikinsa su yi aiki sosai. Ɗanyar ciyawa ƙarama ta wuce haka nesa. Wadda ta tsufa ta bushe a tsaye takan faɗo kashi 3 ko 4, wani lokaci ƙasa da haka. Harawar wake mai ganye kuwa takan haura kashi 12. Kun ga dalilin da ya sa mai kiwon turke ke neman harawa ido rufe.

Sannan ba duk kore ne abinci ba. Ku bi burtali da filayen kiwo na kudancin Maraɗi da Damagaram, za ku ga garmani ya mamaye wuri. A hoto kyakkyawa ne, bisashe kuwa ba su damu da shi ba. Inda ya kafu, gadagi da marak da komayya, waɗanda dabba ke so, sai su ja baya.

Yanzu mu zo kan yanka. Lokacin da ciyawa ta fi amfani shi ne daidai sanda ta fara fure, kafin ta zubar da iri, wato ƙarshen watan takwas zuwa watan tara. To a lokacin sama ba ta ɗauke ba, kuma hannun manomi na wajen hatsi. In ya yanka da wuri, yana caca da hadari. In ya jira sai iskar hunturu ta taso, shanya ta yi sauƙi amma ciyawar ta riga ta zama tsinke. Wannan ne ya sa mafi yawan abin da amalanken jaki ke shigowa da shi birni busasshiyar ciyawa ce da aka kwashe da manjagara, ba wadda aka yanka da lauje tana kore aka shanya ba. A shekarar da damana ta ja har cikin watan goma, ɗan tsakanin nan da ake samun ciyawa mai kyau da rana mai shanya ƙara matsewa yake yi.

Me ruwa ke yi wa ciyawar da aka yanke? Ɗanyar ciyawa kashi 70 zuwa 80 cikin 100 nata ruwa ne. Kafin a adana ta lafiya, sai danshin ya sauko wajen kashi 15. Tsakanin nan, ciyawar ba ta mutu nan take ba: tana ci gaba da numfashi, tana ƙona sukarin da ke jikinta, har sai danshi ya ragu sosai. Duk kwanan da aka ƙara wajen shanya, abinci ne ke tafiya. In hadari ya sauka a kanta, sai ya wanke sukari da gishirin jikinta su bi ƙasa. Kuma ɓarnar ta fi muni in ruwan ya zo sanda ta kusa bushewa, domin a lokacin fatar ganyen ta saki, ba ta iya riƙe komai. Ruwan da ya zo awa guda bayan yanka bai kai na kwana na uku ɓarna ba. Abin da ya rage bayan wankin nan shi ne zare mai tauri. Dabba za ta cika ciki da shi, ba za ta yi ƙiba ba.

Harawa ta fi ciyawa rauni a nan. Ƙarfinta a ganye yake. In ta jiƙe ta bushe, ta sake jiƙewa ta bushe, ana juya ta ana ɗaga ta, ganyen sai ya kakkarye ya zube, a bar ka da igiya. Tun a gona ma, yawan danshi na kawo wa gyaɗa ciwon tabon ganye da tsatsa, ganyen ya zube kafin a tuge ta. Shi kuma manomin wake yana tsaka mai wuya: in ya jira sauran ƴaƴan su nuna, ganye ya zube ko ruwan ƙarshe ya same shi, in ya tuge da wuri, ya yi asarar wake. A ƙauyuka da dama na Tasawa, Magarya, Matamai da Madarunfa kuɗin harawa ba ƙaramin kaso ba ne na abin da gonar wake ke kawowa. Hadari ɗaya na watan goma na iya cinye wannan kason a dare guda.

Sai ajiya. Mun san inda ake aje harawa: bisa rumfa, bisa rufin ɗaki, ko a tsakanin rassan itace. Dabara ce mai kyau, tana raba ta da gara da bakin awaki. Amma an gina ta bisa zaton cewa daga kaka zuwa bazara sama ba za ta zubo ba. In an ɗaure dami da sauran danshi aka jibge, cikin kwana kaɗan tsakiyarsa za ta ɗauki zafi. Fumfuna ta shiga, launi ya koma baƙi ko ruwan ƙasa. Wani lokaci har ƙamshi yake yi kamar taba, bisashe su ci da marmari, alhali zafin ya ɗaure furotin ɗin, jiki ba ya iya amfana da shi. Babban tsibi mai danshi kuwa yana iya yin zafi har ya kama wuta da kansa, babu wanda ya ƙyasta ashana.

Fumfuna ba ta tsaya ga rage amfani ba. Ƙurarta na sa dabba tari, tana sa mai zuba abincin ma tari. Tana iya sa dabba mai ciki ta yi ɓari. A harawar gyaɗa akwai ƙarin haɗari: ragowar ƙwanson da ke maƙale a jiki, in ya yi fumfuna, yana iya ɗaukar gubar aflatoksin, wadda ke lalata hanta. Dabba mai shayarwa in ta ci, wani ɓangare na gubar na fita ta nono. Nonon nan kuwa yaranmu ne ke sha. Ƴar'uwa mai akuya a gida, wannan maganar taki ce.

A arewa, a yankin makiyaya, ba a jibge ciyawa a rumfa. Dajin ne rumbun. Busasshiyar ciyawar da ke tsaye ita garke zai bi yana ci har wata takwas ko tara. Ruwan da ya zo ba a lokacinsa ba, bayan ta bushe, kwantar da ita yake, ta yi baƙi ta ruɓe, gara ta ƙarasa sauran. A watan ɗaya na 2002 irin wannan ruwa haɗe da sanyi ya sauka a arewacin Senegal da kudancin Muritaniya, bisashe masu ɗimbin yawa suka mutu, makiyayar ta lalace. Ko a shekarar da komai ya tafi daidai, makiyayi zai gaya maka lokacin da ya fi tsoro shi ne faɗuwar ruwan farko: tsohuwar ciyawa ta jiƙe ta yi wari, dabba ta ƙi ci, sabuwa ba ta kai a kama da baki ba. A 2010 haka aka gani, dabbobin da yunwa ta riga ta raunana ruwa ya zo ya ƙarasa da yawa cikinsu.

Kuma shekarar ciyawa ita ce shekarar gobarar daji. In ciyawa ta yi kauri ta haɗe babu tsakani, iskar hunturu ta taso, guntun taba ɗaya ko garwashin shayi na iya cinye abincin garke da dama a yini guda. Mutanen Bermo da Dakoro da Abalak da Belbeji ba sa buƙatar a ba su labari. A bakin kogi kuma, wajen Tilaberi da Yamai da Gaya, akwai burgu, wanda shi ruwa yake so, yana tsawo yana bin cikar kogi. Amma shi ma in ruwan ya taso da gaggawa fiye da girmansa, nutsewa yake.

To, mu shiga kasuwa, mu ga yadda duk wannan ke zama kuɗi.

Da kaka, a shekara mai ruwa, dami na da yawa, farashi ya sauka. Manomin da ya ga harawarsa ta sha ruwa ya san ba za ta kai rani ba, sai ya yi sauri ya sayar. Wanda ɗakinsa ya faɗi yana neman kuɗin gini, shi ma ya sayar. Kowa ya fito da kaya lokaci guda. Wanda ke da jari da shago mai rufi shi ke zaɓar mai kyau ya saya da araha ya kulle. A birni kuma ba lallai mu ga arahar ba, domin in korama ta yanke hanya ko laka ta hana amalanke shiga gona, kuɗin ɗauko kaya ya hau kan dami.

Daga watan uku zuwa watan shida sai labari ya juya. Abin da aka aje da danshi ya ruɓe, an zubar. Abin da ya rage a daji wuta ta ci wani, ruwa ya kwantar da wani. Harawa kore mai ganye ta zama sai wane da wane, farashinta ya yi sama. Masu kiwo su koma kan dusa da ɓawon wake da ƴaƴan gawo, su ma su tashi. Makiyayin da ya kasa ciyarwa ya kawo ramammun dabbobi kasuwa a saya a wulaƙance, a daidai lokacin da rago mai ƙiba ke gagarar mai albashi. Kasuwa ɗaya, dabba na araha kuma tana tsada, bambancin kawai wa ya samu abin ba ta.

Ku ƙara da lissafin Sallar Layya. Kowace shekara tana matsowa da kwana 10 ko 11. A 2024 ta faɗo tsakiyar watan shida, a 2025 farkon watan shida, daga nan sai watan biyar, sai watan huɗu. Ma'ana, na tsawon shekaru masu zuwa ragon layya ba zai ga ɗanyar ciyawa ba a watannin turkensa. Da abin da aka adana tun kaka za a ƙibantar da shi. Yadda aka shanya harawa a watan goma shi zai faɗi kuɗin rago a Turaku.

Bari in ba ku misali da lissafi, ba farashin wata kasuwa nake faɗa ba, misali ne kawai. A ce ga dami biyu, kowane kilo 10. Na farko ya bushe sosai, an ce jika guda. In ka cire danshi kashi 15, kana da kilo 8 da rabi na abinci, kowane kilo ya tsaya maka wajen sefa 120. Na biyu ya sha ruwa, an rage maka zuwa sefa 700, ka ji daɗi. Amma danshinsa kashi 35 ne, saura kilo 6 da rabi. Rago ya tsince ya bar kashi ɗaya cikin uku saboda wari da tauri, saura kilo 4 da ɗan kai. Kowane kilo da ya shiga cikinsa ya tsaya maka sama da sefa 160, kuma bai kai na farko gina jiki ba. Ka sayi ruwa da kuɗin harawa. Hausawa suka ce araha ba ta ado. Kuma da yake da ido muke saye, ba da sikeli ba, marar tsoron Allah na iya sa baƙar a ciki ya naɗe da kore a waje.

Wa ke kwana ciki? Ƙaramin manomin da ya sayar da kaka, sannan ya dawo da bazara yana sayen harawa don shanun nomansa da ninkin kuɗi. Matar da ta ci bashin asusu ta sayi rago don turke, ribar ta ƙare a bakin mai harawa. Makiyayin da ke kallon motoci na kwashe ciyawar da garkensa ke dogaro da ita ana kai wa birni.

Wannan na ƙarshe ya kamata mu tsaya a kansa, domin mu ne masu sayen. Dokar kiwo ta 2010 ta yi magana bisa kwasar ciyawa. Ta hana kwasa a kewayen zangon makiyaya, ta hana kwasa don fitarwa waje, kuma mai kwasa don kasuwanci a wuraren kiwo sai da izinin magajin gari bayan shawarar kwamitin kula da filaye. Dokar na nan a rubuce. Nawa cikinmu suka taɓa jin ta? Akwai kuma maganar sakin gonaki. In damana ta ja, wake bai bushe ba, harawa na shanye a gona, su kuma garkuna sun fara gangarowa kudu. In ranar da hukuma ta sa ba ta yi la'akari da jinkirin ruwan ba, ko ba a sanar da ita ga kowa ba, nan ake samun rikicin da ke kai ga zubar da jini. Sau da yawa a bakin tsibin harawa abin ke farawa.

To me za mu iya yi, mu matasan birni?

Na farko, labarin yanayi. Cibiyar AGRHYMET da ke nan Yamai da ma'aikatar hasashen yanayi ta ƙasa na fitar da hasashen damana tun wajen ƙarshen watan huɗu, har da ko za ta ɗauke da wuri ko za ta ja, sannan akwai na kullum. Yawanci da Faransanci yake fitowa, ya tsaya a wayoyinmu. Kowannenmu na da kawu ko baba ko inna a ƙauye. Minti ɗaya na saƙon murya da Hausa a WhatsApp, “Kawu, an ce akwai hadari jibi, a dakata da tuge waken, wanda aka shanya kuma a ɗaga shi,” na iya ceton amalanke guda na harawa. Hasashe ba wahayi ba ne, yana kuskure, amma ya fi babu.

Na biyu, shanya da ajiya. Abubuwan ba su da tsada. A yanka kaɗan-kaɗan daidai abin da za a iya kwashewa in hadari ya haɗo. A yanka da hantsi bayan raɓa ta ɗauke. Kada a bar ta kwance a jiƙaƙƙiyar ƙasa: a ɗora bisa itace ko gadon kara yadda iska za ta bi ta ƙasa. Harawa in ta yi yaushi a rana, a ƙarasa shanyar a inuwa, ta fi riƙe ganye da launi. A ɗaure ta da sassafe ko da yamma sanda ganyen bai yi ƙaras-ƙaras ba. In za a rufe da tampol ko leda, a rufe sama kawai a bar gefe a buɗe, domin wadda aka naɗe ruf gumi take yi ta ruɓe daga ciki. In kana aika kuɗi gida, ka tuna da rufin rumfar harawa tun watan takwas. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Na uku, saye da ilimi. Kafin ka biya, sa a kwance damin. Tura hannu tsakiya: in da ɗumi, bar shi. Shinshina: harawa mai kyau ƙamshi take, ba warin ɗaki mai laima ba. Girgiza ka gani ko farar ƙura na tashi. Murɗa kara a hannu, in ya yi laushi yana fid da danshi, bai bushe ba. Dubi yawan ganye, shi kake saye. Masu kiwo a unguwa ɗaya kuma suna iya haɗa kuɗi da kaka, su sayi mai kyau kai tsaye daga manoma da farashin da ba zalunci, su aje a wuri ɗaya mai rufi. Manomi ya samu, su ma sun tsira daga tsadar watan biyar.

Na huɗu, ga masu neman abin yi. Kullum muna kukan babu aiki, ga sana'a nan a gabanmu. Injin niƙa kara na mayar da karan dawa da na hatsi abin da dabba ke cinyewa ba ta barin saura. Cibiyar INRAN ta daɗe tana koyar da haɗa dunƙulen abincin bisashe daga kara da harawa da dusa da gishiri. Akwai dabarar gyara busasshiyar ciyawa da takin ure don ƙara mata ƙarfi, amma wannan sai ma'aikacin kiwo ya nuna maka awo, domin ure in ya yi yawa kisa yake. Wanda ya buɗe shagon harawa mai rufi, yana sayarwa da kilo, yana ware mai kyau da ta biyu kowace da kuɗinta, zai samu masu saye, domin mutane sun gaji da sayen abin da ba su gani ba. Ɗalibanmu na fannin noma da kiwo a jami'o'in Yamai da Maraɗi da Tawa, ga abin bincike a ƙofar gida: a auna abin da ake asara tsakanin gona da turke, a faɗa mana da harshen da manomi ke ji.

Na biyar, mu yi tambaya. In an zauna taron gunduma, mu tambayi magajin gari: bana an share hanyoyin tare gobara a dajin kiwo, kuma a wane wata? Hanyar da aka share bayan wuta ta wuce ba ta da amfani. Rumbun abincin bisashe na gundumar, rufinsa na zuba ko ba ya zuba? Wa aka ba izinin kwasar ciyawa, kuma a ina? Da wa aka yi shawara kafin a sa ranar sakin gonaki? In an zo lissafin ɓarnar ambaliya, a sa abincin bisashen da ya lalace a ciki, domin a san da shi tun kaka, kada a jira sai dabbobi sun fara faɗuwa.

Ƴan'uwa, ruwa rahama ne, babu mai roƙon a rage mana shi. Amma dabarun ajiyarmu na zamanin da damana ke ɗaukewa a kan lokaci ne, yanzu kuwa tana iya ja, tana iya juyowa bayan an yi sallama da ita. Tsakanin watan tara da watan goma sha ɗaya ake yanke hukuncin abin da bisashenmu za su ci har ruwa ya sake faɗuwa. Bana in kun ga daji ya yi kore, ku ɗauki hotonku, sannan ku kira gida ku tambaya ina aka aje harawa, kuma me aka rufe ta da shi.

 In akwai mai tambaya ko ƙarin bayani, musamman cikinku masu kiwo a gida, fili naku ne.